An Kira, Ku Ajiye

Duk wanda ya zo mana gaisuwar rasuwar kakana magana ɗaya ya faɗa, kuma ba daidai ba ce. "Allah ya jiƙan Ladan. Ya yi kiɗa a ƙuruciya, Allah ya ba shi ikon tuba." Maza sun faɗa a gareji, inda aka shimfiɗa musu dardumai. Mata sun faɗa a falo. Wata Hajiya 'yar Nijar mai sayar da atamfa ta faɗa har da hawaye, alhali yana da rai da gefen baki take gaishe shi. Ni ina kicin ina zuba wake da shinkafa a robobi, ina jin su, ina cije leɓe.

Kakana bai tuba daga kiɗa ba. Ya tuba daga abubuwa da yawa, na sha jin istigfarinsa ta bango, amma jita, garayar Turawa, ba ta cikinsu. Wata biyar kafin ya rasu ya hau dandamali a tsakiyar Greensboro, nan ƙasar Amurkawa, ya buga ta a gaban jama'a. Ni na kai shi a motata. Rabin mutanen da ke zaune a garejin nan sun san da haka. Gani suke yi sutura ce su yi kamar sun manta.

Turawa ma sun zo da nasu kuskuren. Rana ta uku sai ga mai shagon tsofaffin faifai na titin Elm, dogo mai ɗaurarren gashi, rungume da furanni. Ba wanda ya san inda ake ajiye furanni a gidan makoki, ƙarshe a bokitin wanki suka kwana. Ya cire takalmi, ya zauna a takure, ya ce min kakana gwani ne da ba a yi irinsa ba, domin ya san daidai inda ake yanke waƙa. Na ce masa mun gode. Shi ma bai san komai ba.

Ba don in gyara wa mutane baki kawai nake wannan rubutu ba. Anti Babba, yayar mahaifina, ita ce babba a 'ya'yan kakana, kuma ta ba ni wa'adi. Ta ji wani wa'azi a waya cewa duk wanda ya bar waƙa a duniya, duk lokacin da aka saurara ana ƙara masa nauyi a kabari. Ta ce kafin addu'ar arba'in jitar ta bar gidan, waƙoƙin kuma su sauka daga intanet. Kamfanin da ya sake buga tsohon faifan kakana ya rubuto yana tambaya ko iyali sun yarda a ci gaba. Ni ke riƙe da imel ɗin, domin ni nake karanta wa tsohon duk wata takarda. Abin da na rubuta musu shi za su yi. Saura kwana goma sha biyu.

Anti ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Ita ta yi jinyarsa. Tsoro take ji wa ubanta, kuma ni ma wani lokaci ina jin tsoron.

Direba kakana yake kira na, ni kuma in ce masa Tsoho, wasan jika da kaka. Tun da idonsa ya raunana aka karɓe masa lasisi, ni nake kai shi ko'ina: masallaci, asibiti, shagon 'yan Afirka inda yake sayen goro. Daga gidanmu a McLeansville zuwa cikin gari ba nisa, amma sai mun yi faɗa sau biyu a hanya.

"Direba, rage wuta. Ba a kira salla ba tukuna."

"Tsoho, ina da aiki ƙarfe biyu."

"Aikin zai gudu ne?"

"Ni za a kora."

"To in an kore ki kin samu lokacin kai ni Juma'a da wuri."

Bai san ƙarfe kaza ba. Lokaci a wurinsa bayan Azahar ne, ko kafin La'asar, ko tsakanin Magariba da Isha. Na sha tsayawa a gaban matar da ke ba da ranar ganin likita ina fassara mata wannan lissafi, tana kallona kamar na zo da wasa. Sama da shekara ashirin ya yi a kamfanin kujeru yana jan yadi yana buga ƙusa, bayan ya yi ritaya ya zama ladanin ƙaramin masallacinmu, wanda a da shago ne, tsakanin gidan wanki da wurin gyaran taya. A nan ba a kira da lasifika a waje. Yakan ce, "Kiran sallar ƙasar nan raɗa ce. Wanda ya riga ya zo shi kaɗai yake ji."

Ina shekara goma sha uku aka kawo ni daga Kumasi. Watannin farko kullum da kuka nake dawowa daga makaranta, saboda yara suna kwaikwayon yadda nake magana. Bai taɓa ce min in yi haƙuri ba. Wata rana bayan La'asar ya ja ni zuwa rumfar katako da ke bayan gida, inda ake ajiye injin yankan ciyawa. Ya zaro jita daga bayan tsofaffin tayoyi, ja ce, fentinta ya goge a inda hannu ke shafa. Bai haɗa ta da wuta ba. Ya zauna a kan bokiti yana bugawa a hankali, ni ina zaune ina jan hanci. Da wayarsa ta yi kiran Magariba ya kwantar da jitar a ƙasa, a tsakiyar bugu, ya miƙe. Na ɗauka gajiya ya yi. Sai da na ga ya yi haka sau ashirin na gane ƙa'ida ce.

Labarin ƙungiyar kiɗansu a mota na tsince shi, gutsure-gutsure, a cikin shekaru.

Su huɗu ne, duk 'yan zongo, unguwar Hausawa a Kumasi, zamanin da samari ke tara gashi suna sa wando mai faɗin ƙafa. Ƙusa Huɗu suke kiran kansu. Suna jin faifan kiɗan rok da ma'aikatan jirgin ruwa ke shigowa da su ta tashar Takoradi, suka ce su ma za su iya, amma da Hausa da yaren Tiwi. Ba su da na'urar da ke sa jita gurnani, sai Tsoho ya sa reza ya tsaga sifikar rediyon gidansu, ya sha duka, ya samu gurnanin. A bayan shagon goron mahaifinsa suke gwaji. Mahaifin bai hana shi ba, abin da ya ba mutanen zongo mamaki. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa, ya sa shi ya rantse a kai: duk inda yake, ko a gaban wa, in aka kira salla jita ta taɓa ƙasa. Ba a ƙarshen waƙa ba. A lokacin.

Sun yi suna a wuraren rawar rana, daga Kumasi har Tamale. Sai wani ya ba su dama ɗaya a situdiyo a Accra: yammaci ɗaya, zaren ɗauka ɗaya. Suka bar waƙarsu mafi kyau a ƙarshe, "Motar Tamale". Ana tsakiyarta, jitar Tsoho ta fara hawa, sai masallacin da ke bayan ginin ya kira Magariba. Ya ajiye. Kafin su dawo daga salla mai situdiyo ya ce lokacinsu ya ƙare, zare ma ya ƙare. Haka faifan ya fita, waƙar a yanke kamar an ɗauke wuta. Gidajen rediyo suka ƙi sa ta, suka ce faifan ya lalace. Cikin shekara ɗaya ƙungiyar ta watse. Ɗaya ya tafi Legas ba a sake jin labarinsa ba, ɗaya ya rasu da wuri. Saura Tsoho da mai ganga, amininsa tun suna makarantar allo.

Baba mai ganga bai yafe ba. Abin dariyar shi ne, duniya ta juya ta zube su a gari ɗaya. Shekaru suna salla a sahu ɗaya a Greensboro, kafaɗa da kafaɗa, ban da sallama babu abin da ke haɗa su. Ni na taso ina ganin wani dattijo mai faɗin ƙirji da ba ya dariya in kakana na wurin. Ban san dalili ba.

Sannan, shekara uku da suka wuce, abin ya farfaɗo ba tare da kowa ya nema ba. Wani ya tono faifan a cikin kwalin tsofaffin kaya, wani kamfani a Turai ya sake buga shi, matasa suka kama. Kuma abin da ya fi burge su shi ne yankewar. Na karanta abin da suke rubutawa a ƙarƙashin waƙar, wannan ya ce fushi ne, wancan ya ce hikima ce, wani ya ce saƙo ne ga gwamnatin lokacin. Wata nas 'yar zongonmu ta shiga shagon titin Elm, ta ga hoton bayan faifan, ta ce wa mai shagon, "Wannan ai Ladanmu ne." Haka ya same mu.

Da na karanta wa Tsoho abin da ake rubutawa, ya yi dariya har ya yi tari. Na ce bari in rubuta musu gaskiya. Ya ce in bar su. "Wanda ya ji daɗi ya ji daɗi. Ba su tambaye ni ba."

Mai shagon ya so su yi wasa a bikin lokacin kaka da ake yi a filin tsakiyar gari. Tsoho ya ce ba ya hawa dandamali ba mai gangarsa. Na ce to ka kira shi mana. Ya ce ba shi da lambarsa. Shekara nawa a sahu ɗaya, wai ba shi da lambarsa. Haƙurina ya ƙare. Wata Juma'a na ga Baba mai ganga yana jiran ɗansa a bakin masallaci, na tsaya na ce ɗan ya ce in kai shi gida. Ƙarya nake. Ya buɗe ƙofar baya, ya ga Tsoho a kujerar gaba, ya tsaya, sannan ya shiga domin kunyar mutane. Na hau babbar hanya inda ba wurin sauka, na kunna "Motar Tamale".

Ta madubi ina ganin yatsun Baba mai ganga suna motsi a kan gwiwarsa, yana hana su. Sai waƙar ta yanke.

"Har yau a nan take min ciwo," in ji Baba mai ganga.

"Kai ma ai ka tashi ka yi alwala," in ji Tsoho.

"Na yi alwala ina zaginka."

"To sallarka ta ranar sai ka rama."

Baba mai ganga ya yi wani sauti, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ya ce, "Yarinyar nan jikarka ce? Ba ta da kunya." Tsoho ya ce, "Ko kaɗan. Direba, wuce da mu wurin koko."

Wata biyu suka yi suna gwaji a rumfar bayan gida, tare da wasu Amurkawa biyu da mai shagon ya kawo su cike gurbin waɗanda babu. Anti Babba takan rufe tagar kicin. Baba mai ganga ya kafa nasa sharaɗin: wannan karon za a kai waƙar ƙarshe. Shekara hamsin yana riƙe da ƙarshenta a kansa. Tsoho ya yarda. Ya sa na duba jadawalin salla, aka ba su lokaci da zai sa su sauka da sauran rana. Na ji ƙarshen a gwaji sau da yawa, kuma ina faɗa muku, ya fi farkon kyau.

Ranar wasan waɗanda suka riga su hawa suka ci lokaci, sannan wata wayar lasifika ta ƙi aiki. Ina gefen dandamali ina duba agogo ina duba rana, ina ji kamar in hau in ture su. Da Ƙusa Huɗu suka hau, inuwar gine-gine ta riga ta rufe filin. Tsoho cikin farar jallabiya da hula, jitar ja a ƙirji. Ya taɓa ta, ta yi gurnanin nan. Mutumin da nake riƙe wa hannu a matakalar asibiti ne wannan. 'Yan zongo da suka zo sun tsaya can baya wajen bishiyoyi, kamar hanya ce ta biyo da su.

Suka zo "Motar Tamale". Jitar ta fara hawa. Na ga hannunsa ya kai aljihu, inda wayarsa ke rawa, Magariba ta yi. Ya cire igiyar daga wuya, ya sunkuya, ya kwantar da jitar a ƙasa.

Filin ya ɗauki ihu da tafi. Sun ɗauka shiri ne, an yi musu yankewar da suka sani. Baba mai ganga ya ci gaba da bugu shi kaɗai, ɗaya, biyu, uku, huɗu, yana kallon bayan Tsoho. Sannan ya haɗa sandunan ya ajiye, ya bi shi. A bayan dandamali, kusa da janareta, suka shimfiɗa kwali suka yi salla, ana ta tafi a gaba.

A mota na sauke masa.

"Minti biyu, Tsoho. Minti biyu kawai. Magariba ba za ta gudu ba. Liman da kansa ya ce akwai sauran lokaci."

"Akwai."

"To me ya sa? Ka yi wa mutumin nan alkawari."

"Na yi. Zan ba shi haƙuri. Amma akwai wanda na riga na yi wa, kuma shi ba ya nan balle in je in ce ya sassauta min."

Na ƙara wuta har gida. Da muka tsaya ya ce wa Anti, "Direba ta yi yaji." Kwana uku ban yi masa magana ba. Cikin duk abin da na yi a rayuwata, kwana ukun nan nake so a dawo min da su.

Sanyi ya shigo, ƙirjinsa ya kama, aka kwantar da shi, aka sallame shi, aka sake kwantar da shi. Ya rasu wata Talata bayan Azahar, Anti na riƙe da hannunsa. Ni ina wurin aiki ina liƙa takarda a kwalaye. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Baba mai ganga shi kaɗai ne bai ce ya tuba ba. Kullum yana gareji a kusurwa, da carbi. Ranar sadakar bakwai ya kira ni waje, ya ba ni kaset a cikin ledar magani. Ya ce mai situdiyon Accra ne ya kwafa masa a ranar, kafin a gyara zaren a yanke wutsiyarsa. "Duk lokacin da na ji zuciyata za ta sauko, sai in sa shi in sake jin haushi. Yanzu ba ni da wanda zan ji haushinsa. Riƙe."

Akwai tsohuwar rediyo mai kaset a rumfar. Na saurara ni kaɗai, sannan na je na kamo hannun Anti. Ta ce ba ta shiga wurin nan. Na ce minti ɗaya. Na wuce da kaset ɗin zuwa kusa da ƙarshe, don kada ta ce na sa ta jin kiɗa.

Jitar tana hawa, sai ta tsaya. A faifai nan ne ƙarshe. A kaset ɗin akwai saura. Can nesa, siririn kiran salla ta bango. Sai muryar saurayi, a kusa, ba tsawa, ba neman afuwa: "An kira. Ku ajiye." Sai ƙarar jita ta taɓa siminti tana ɗan kuka. Wani ya yi zagi da Tiwi. Sai takun silifa, sai ƙofa.

Anti ta zauna a kan bokitin da yake zama. Ba ta taɓa jin muryar ubanta yana saurayi ba. Ta ce in mayar. Na mayar. Sau uku.

Sannan ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Wannan bai canza hukunci ba."

"Ban ce ya canza ba."

"Ke ba malama ba ce."

"Ke ma haka, Anti."

Ta harare ni. Da wata rana ce da na sha mari, da girmana. Ta ce, "In ana ƙara masa nauyi fa? Kin taɓa tunanin wannan?"

Na ce kullum. Gaskiya ce. Na je wurin Liman, ya ce malamai sun yi saɓani, ya ce mu yawaita masa addu'a. Ban fito da amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne, mutumin nan ya san wa'azin da Anti ta ji tun kafin a haife ta, ya yi shekara uku yana ganin waƙarsa tana yawo, bai taɓa ce min in sauke ta ba. Kuma ba mai wasa da lahirarsa ba ne. Wanda ya yarda ƙungiyarsa ta mutu, amininsa ya ƙaurace masa shekara hamsin, don kada kira ya same shi da jita a hannu, ba ni zan koya masa tsoron Allah ba.

Anti ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, "Ki yi abin da za ki iya tsayawa a kansa gobe kiyama. Ni na cire hannuna." Sai ta juyo. "Ki sa min muryar nan a wayata. Muryar kaɗai."

Na sa mata.

Ga abin da zan yi. Gobe kafin in tafi aiki zan rubuta wa kamfanin. Zan aika musu da abin da ke kaset ɗin, in ce su mayar wa waƙar wutsiyarta a duk inda take, da kiran, da muryarsa, da silifa, har da zagin Baba mai ganga, shi ya ce kada a cire. In sun yarda, waƙoƙin su zauna, duk wanda ya saurara ya ji inda aka tsaya da dalilin tsayawa. In sun ce yankewar ta fi sayuwa, to su sauke komai, in yi wa Anti abin da take so, ba zan yi jayayya ba. Jitar za ta bar gidan kamar yadda aka ce. Zan kai wa Baba mai ganga, ya ce yana da wuri a ƙasa kusa da gadonsa.

Ranar arba'in kuma ba zan zauna a kicin ba. Zan fito da robobin da kaina, in bi gareji da falo. Duk wanda ya ce min Ladan ya tuba daga kiɗa, zan ce amin ga addu'arsa, sannan in gaya masa: ajiyewa ya yi, domin an kira.